Tarihin Daniel Amokachi: Daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa kujerar koci

Daniel Amokachi na ɗaya daga cikin 'yan wasan ƙwallon ƙafa da suka fi yin fice a tarihin Najeriya, kuma yana cikin ƙalilan ɗin da suka ɗauki kofin ƙasashen Afirka sau biyu, na farko yana ɗan wasa a 1994, na biyu kuma yana mataimakin mai horar da 'yan wasa a 2013.

Haifaffen Kaduna ne, a can ya koyi ƙwallo, kuma daga ƙungiyar Ranchers Bees ta garin ya tafi Turai yana ɗan shekara 17.

Ya buga wa Najeriya wasa 44, ya ci mata ƙwallo 13, ya halarci gasar cin kofin duniya sau biyu, sannan yana cikin tawagar da ta samo lambar zinariya a gasar Olamfik ta 1996.

Sai dai ciwon gwiwa ya tsayar da shi tun bai cika shekara 27 ba. A aikin horarwa da ya shiga daga bisani kuwa, ya fi daɗewa yana mataimaki fiye da yadda ya daɗe yana jagorantar wata ƙungiya da kansa.

Don haka tarihinsa ya taɓo batun da aka daɗe ana muhawara a kansa a Najeriya, wato makomar tsofaffin 'yan wasan da suka koma masu horarwa, da kuma irin riƙon da hukumomi ke yi wa kocin gida idan aka kwatanta da na waje.

Tasowarsa a Kaduna

An haifi Daniel Owefin Amokachi ranar 30 ga watan Disamba na 1972 a birnin Kaduna.

Iyayensa 'yan asalin yankin Binuwai ne, amma a Kaduna ya tashi, shi ya sa Hausa ta zauna a bakinsa, har yakan yi hira da kafafen watsa labarai da ita.

A wancan zamanin arewacin Najeriya na da ƙungiyoyin da ake shakkar karawa da su. Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin gasar ƙasa a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978, a Kaduna kuwa akwai DIC Bees, wadda daga baya aka sauya wa suna ta koma Ranchers Bees.

A 1988 Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashen Afirka, inda wata ƙungiya daga garin Bizerte na Tunisiya ta doke ta. Da shekara ta zagayo sai ta lashe kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, wanda aka fi sani da WAFU.

A cikin wannan ƙungiya ce Amokachi ya fara bayyana, yana saurayi mai ƙarfin jiki da gudu, wanda 'yan baya ke shan wahalar ƙwace ƙwallo daga ƙafarsa. Wannan ne asalin laƙabin Bijimi da ya bi shi har Turai.

A 1989 ne Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan, ya karɓi aikin horar da babbar ƙungiyar Najeriya, ya kuma shiga neman sababbin 'yan wasa a ƙungiyoyin cikin gida.

Amokachi na cikin waɗanda idonsa ya faɗa a kansu, kuma ya tafi da shi gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Aljeriya a watan Maris na 1990.

Najeriya ta fara gasar da ƙafar hagu, domin mai masaukin baƙi ta lallasa ta da ci 5 da 1 a wasan farko. Amma ta farfaɗo ta doke Masar da Cote d'Ivoire da Zambiya, kafin Aljeriyar ta sake cinye ta da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe.

Shekaru huɗu a Beljiyam

Bayan gasar ne ƙungiyar Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi.

A lokacin Beljiyam ce ƙofar da yawancin 'yan wasan Najeriya ke bi su shiga Turai. Stephen Keshi ne ya share hanyar tun da ya je Lokeren a 1986, daga nan ya koma Anderlecht, kuma Samson Siasia da Augustine Eguavoen da Victor Ikpeba da Sunday Oliseh duk sun taka leda a ƙasar.

Amokachi ya ɗauki kofin ƙalubale na Beljiyam tare da Brugge a 1991, da kofin gasar ƙasar a 1992.

Shi ne ya fara samun kyautar da ake bai wa gwarzon ɗan wasa ɗan asalin Afirka a Beljiyam lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1992, ya kuma sake samun ta a 1994.

Abin da ya fi sa sunansa cikin littattafan tarihi a wannan lokaci shi ne wasan ranar 25 ga watan Nuwamba na 1992.

A kakar ce hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta sauya wa babbar gasarta suna da fasali, ta koma gasar zakarun Turai da aka sani a yau. Ƙwallon da Amokachi ya zura a ragar CSKA Moscow ta Rasha a minti na 17, ita ce ta farko da aka ci a wasannin rukuni na sabuwar gasar, kuma da ita Brugge ta yi nasara da ci 1 da nema.

Ya bar Brugge da ƙwallo 35 a wasannin lig 81.

Shekarar 1994

A watan Oktoba na 1993 Najeriya ta yi kunnen doki 1 da 1 da Aljeriya a birnin Aljas, sakamakon da ya ba ta gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a karon farko.

Kafin tafiya Amurka, sai da ta je Tunisiya ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka, bayan ta doke Zambiya da ci 2 da 1 ranar 10 ga watan Afrilu na 1994. Emmanuel Amuneke ne ya ci ƙwallayen biyu.

Rashidi Yekini ne babban mai cin ƙwallo a tawagar. Aikin Amokachi shi ne ya riƙa kai kawo a bayansa, yana jan 'yan baya, yana buɗe masa hanya.

A watan ne hukumar FIFA ta sa Najeriya a matsayi na 5 a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa.

A Amurka, Najeriya ta fara da lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema a birnin Dallas ranar 21 ga watan Yuni. Yekini ya ci ta farko, Amokachi ya ci ta biyu bayan ya yanke mai tsaron gida, Amuneke ya cika ta uku.

Ajantina ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasa na biyu, amma a wasa na uku da Girka, Amokachi ya ja ƙwallo daga tsakiyar fili, ya ratsa 'yan baya, ya ɗirka ta a kusurwar raga daga nesa ana daf da tashi. Wasan ya ƙare 2 da nema, kuma Najeriya ta zo ta ɗaya a rukuninta.

A zagaye na biyu ta haɗu da Italiya. Amuneke ya ci ƙwallo, amma tun kafin a tafi hutun rabin lokaci aka fitar da Amokachi saboda rauni, bayan an dawo kuma Amuneken shi ma ya fita.

Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, sannan ya ƙara ta biyu da bugun fenariti a ƙarin lokaci. Har yanzu masu sharhi na ambaton fitar 'yan wasan biyu a cikin dalilan da suka sa wasan ya suɓuce wa Najeriya.

Canjin da koci bai yi ba

Rawar da ya taka a Amurka ta sa ƙungiyar Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3 a watan Agusta na 1994.

Ya tarar da ƙungiyar cikin mawuyacin hali, domin ta buga wasa 12 na farkon kakar ba tare da ta yi nasara ko sau ɗaya ba. A watan Nuwamba aka sallami Mike Walker, kocin da ya kawo shi, aka naɗa Joe Royle.

Sabon kocin ya fi amincewa da Duncan Ferguson da Paul Rideout, don haka Amokachi ya koma zaman benci.

Ranar 9 ga watan Afrilu na 1995 Everton ta kara da Tottenham a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Elland Road da ke Leeds.

Everton na gaba da ci 2 da 1 sai Rideout ya ji rauni, aka fitar da shi gefen fili ana duba shi. Royle ya ce wa Amokachi ya shirya, amma bai ba da umurnin canji ba, domin yana jira ya ga ko Rideout zai iya ci gaba.

Amokachi bai jira ba. Ya je wurin jami'in da ke kula da canji ya shaida masa cewa shi zai shiga, kuma kafin kocin ya farga har ya faɗa fili, alhali Rideout ya warware yana shirin komawa.

A mintuna goman ƙarshe ya ci ƙwallo biyu, wasan ya tashi 4 da 1. Daga baya Royle ya bayyana abin da cewa shi ne canji mafi kyau da bai taɓa yi ba.

A wasan ƙarshe a Wembley ranar 20 ga watan Mayu, Everton ta doke Manchester United da ci 1 da nema. Rideout ne ya ci, Amokachi kuma ya shigo daga baya. Wannan ne babban kofi na ƙarshe da Everton ta ɗauka.

Duk da haka bai samu tabbataccen gurbi a ƙungiyar ba. Ya ci ƙwallo 10 a wasannin Firimiya 43, kuma a 1996 aka sayar da shi ga Besiktas ta Turkiyya a kan fam miliyan 1.75.

Zinariyar Atlanta

Lokacin da wannan tawaga ta Najeriya ke kan ganiyarta, siyasa ta hana ta buga gasar ƙasashen Afirka har sau biyu.

Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas a watan Nuwamba na 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Janar Sani Abacha da ta Nelson Mandela. Najeriya ta ƙaurace wa gasar 1996 da aka yi a Afirka ta Kudu, hukumar CAF kuma ta hukunta ta da haramcin shiga ta 1998.

Gasar Olamfik ta Atlanta ce ta rage wa 'yan wasan asara.

Ƙa'idar gasar ita ce 'yan wasa su kasance waɗanda aka haifa daga ranar 1 ga watan Janairu na 1973, in ban da mutum uku da aka yarda su zarce hakan. Amokachi ya wuce ƙa'idar da kwana biyu kacal, don haka koci Jo Bonfrere ya sa shi cikin ukun, tare da Amuneke da Uche Okechukwu.

Kaduna ta samu babban kaso a tawagar, domin ban da shi akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel, waɗanda duk a garin suka tashi.

A wasan kusa da na ƙarshe Brazil na cin Najeriya 3 da 1, amma Ikpeba da Nwankwo Kanu suka farke, sannan Kanu ya ci ta huɗu a ƙarin lokaci.

A wasan ƙarshe ranar 3 ga watan Agusta, Ajantina ta shiga gaba har sau biyu. Celestine Babayaro ya farke ta farko, Amokachi ya farke ta biyu a minti na 74 da ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida, sannan Amuneke ya ci ta uku ana daf da tashi.

Wannan ne karon farko da wata ƙasar Afirka ta samu zinariya a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik.

A 1995 da 1996 Amokachi ya zo na uku a zaɓen gwarzon ɗan wasan Afirka na hukumar CAF.

Ciwon gwiwa

A birnin Santambul ya samu karɓuwa ƙwarai a wurin magoya bayan Besiktas, kuma ya ɗauki kofin ƙalubale na Turkiyya tare da ƙungiyar a 1998, ƙarƙashin koci John Toshack.

Amma a daidai wannan lokaci gwiwarsa ta fara ba shi matsala.

A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya kawai ya iya bugawa, wanda Najeriya ta doke Bulgeriya da ci 1 da nema a birnin Paris. Shi ne ya miƙa wa Ikpeba ƙwallon da ya ci.

Yana kallo daga gefe Denmak ta fitar da Najeriya da ci 4 da 1 a zagaye na biyu.

An yi masa aiki a gwiwar, amma bai koma yadda yake ba. Ya bar Besiktas a 1999, shekarar da ya buga wa Najeriya wasansa na ƙarshe.

Daga nan ya shiga yawon neman ƙungiya. Ya ƙulla yarjejeniya da 1860 Munich ta Jamus, amma aka soke ta bayan ya faɗi gwajin lafiya. Haka ta faru da shi a Tranmere Rovers ta Ingila da Creteil ta Faransa, kuma a 2002 Colorado Rapids ta Amurka ta sallame shi tun kafin a fara kakar wasa.

Ɗan wasan da ƙarfin jiki da gudu ne jarinsa, ya rasa su a shekarun da yawancin 'yan wasan gaba ke kaiwa ƙololuwa. Kanu da Jay-Jay Okocha, waɗanda suka ɗauki zinariya tare, sun ci gaba da taka leda a Ingila har kusan shekara goma bayan nan ko fiye.

Shiga aikin horarwa

A 2005 ya dawo gida ya shiga ƙungiyar Nasarawa United ta garin Lafia, kuma a nan ne ya fara aikin horar da 'yan wasa.

A shekarar ce hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta ɗanka wa Augustine Eguavoen ragamar Super Eagles, aka sa Amokachi cikin mataimakansa. Da su aka je gasar ƙasashen Afirka ta 2006 a Masar, inda Najeriya ta zo ta uku.

Da aka ɗauko Berti Vogts daga Jamus a 2007, sai Amokachi ya ajiye muƙamin a watan Afrilu.

Vogts bai kai labari ba. Ghana ta fitar da Najeriya a wasan daf da na kusa da na ƙarshe a gasar 2008, kuma bayan tafiyarsa aka dawo da Shu'aibu Amodu, wanda ya ɗauki Amokachi mataimaki a watan Afrilu na shekarar.

Amodu ya samar wa Najeriya gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 2010, ya kuma zo na uku a gasar Afirka da aka yi a Angola. Duk da haka a watan Fabrairu aka karɓe aikin daga hannunsa aka bai wa Lars Lagerback ɗan ƙasar Suwidin.

Karo na biyu ke nan da aka yi wa Amodu haka, domin a 2002 ma shi ya samo gurbin, amma Adegboye Onigbinde ne ya kai tawagar Japan da Koriya ta Kudu.

Lagerback ya dawo daga Afirka ta Kudu da maki ɗaya a wasa uku.

Tare da Keshi

A watan Nuwamba na 2011, bayan Najeriya ta kasa samun gurbin zuwa gasar Afirka ta 2012, aka naɗa Stephen Keshi, wanda shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994. Amokachi ya zama babban mataimakinsa.

Matakin da suka ɗauka wanda ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne ajiye wasu fitattun 'yan wasa da ke Turai, tare da buɗe ƙofa ga masu wasa a gida, irin abin da Westerhof ya yi wa Amokachi shi kansa a 1990.

Mutum shida daga gasar cikin gida ne suka shiga tawagar da ta je Afirka ta Kudu a 2013, cikinsu har da Gabriel Reuben na Kano Pillars da Godfrey Oboabona da Sunday Mba.

Najeriya ta fara da kunnen doki biyu, da Burkina Faso da kuma Zambiya, kafin ta doke Habasha. Daga nan ta fitar da Cote d'Ivoire ta su Didier Drogba da Yaya Toure da ci 2 da 1, ta casa Mali da ci 4 da 1, wasan da Ahmed Musa ya ci ƙwallo a cikinsa.

A wasan ƙarshe ranar 10 ga watan Fabrairu a birnin Johannesburg, Sunday Mba ya ci ƙwallon da ta bai wa Najeriya nasara a kan Burkina Faso, da kuma kofinta na uku.

Keshi ya zama mutum na biyu da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa da kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Washegari ya ba da sanarwar yin murabus saboda saɓani da hukumar, kafin a lallashe shi ya janye. A cikin shekarar kuma ya shafe watanni ba a biya shi albashi ba.

A 2014 su biyun suka kai 'yan wasan cikin gida gasar CHAN, inda suka zo na uku. A wannan gasa ce Maroko ta ci Najeriya 3 da nema kafin hutun rabin lokaci, amma wasan ya ƙare 4 da 3 Najeriya na da nasara.

A gasar cin kofin duniya ta Brazil kuwa, Najeriya ta kai zagaye na biyu a karon farko tun 1998, kafin Faransa ta fitar da ita da ci 2 da nema.

Riƙon ƙwarya

Bayan Brazil al'amura sun dagule. Kwantiragin Keshi ya ƙare, rikicin shugabanci ya dabaibaye hukumar NFF, kuma a watan Nuwamba na 2014 Najeriya ta yi 2 da 2 da Afirka ta Kudu a Uyo, abin da ya hana ta zuwa kare kambinta a gasar 2015.

A wannan tsakani ne aka bai wa Amokachi riƙon ƙwarya.

A watan Maris na 2015 Uganda ta doke Najeriya da ci 1 da nema a wasan sada zumunta a Uyo, ranar da mai tsaron gida Vincent Enyeama ya buga wasansa na 100. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi 1 da 1 da Afirka ta Kudu.

Da Keshi ya sabunta kwantiraginsa a watan Afrilu, sai aka naɗa Salisu Yusuf, ɗan asalin Zariya, a matsayin mataimaki. Da haka kusan shekara goma da Amokachi ya yi yana shiga yana fita a bencin Super Eagles ta zo ƙarshe.

An sallami Keshi a watan Yuli na 2015. Ya rasu a watan Yuni na 2016, kwanaki kaɗan bayan haka kuma Shu'aibu Amodu ya bi shi.

Amokachi ya karɓi ƙungiyar Ifeanyi Ubah ta garin Nnewi a 2015, amma makonni kaɗan ya yi ya ajiye. A farkon 2016 ya tafi garin Oulu da ke arewacin ƙasar Finlan, inda ya horar da JS Hercules, wata ƙungiya da ke cikin ƙananan rukunai.

A watan Fabrairu na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya, a watan Agusta kuma ya zama mataimaki na musamman ga shugaban kan harkokin wasanni.

Ya sake gwada sa'arsa a gasar cikin gida tare da Lobi Stars ta Makurɗi a kakar 2024 zuwa 2025, amma ya bar aikin kafin kakar ta ƙare, kuma a ƙarshenta ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa.

Ya kuma yi suna wajen sharhin wasanni a gidajen talabijin.

Kocin gida ko na waje

Daga cikin 'yan tawagar 1994, Eguavoen da Siasia da Keshi da Oliseh da Finidi George duk sun riƙe Super Eagles, Amokachi kuma ya yi riƙon ƙwarya. Keshi ne kaɗai a cikinsu ya ɗauki kofi da ita.

Masu goyon bayan kocin gida na cewa ba a ba su lokaci da kayan aiki da albashi kamar yadda ake bai wa Turawa.

Suna kafa hujja da Oliseh, wanda ya yi murabus a watan Fabrairu na 2016 bayan wata bakwai yana mai ƙorafin rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya, da kuma Finidi, wanda bai wuce 'yan makonni ba a 2024, alhali Gernot Rohr ɗan Jamus ya shafe fiye da shekara biyar, daga 2016 zuwa 2021.

Suna kuma nuni da cewa kofunan duniya biyar da Najeriya ta ɗauka a rukunin 'yan ƙasa da shekara 17, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, duk masu horarwa na gida ne suka samo su. Manu Garba ne ya jagoranci na 2013, Amuneke kuma na 2015.

Ba a Najeriya kaɗai hakan ke faruwa ba. Keshi ya samar wa Togo gurbin gasar cin kofin duniya ta 2006, amma Otto Pfister na Jamus ne ya kai ta. A Jamhuriyar Nijar, Harouna Doula ya kai ƙungiyar Mena gasar ƙasashen Afirka a karon farko a 2012, CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011, amma ana tsakiyar gasar aka miƙa ragamar ga Rolland Courbis na Faransa.

Masu sukar kuwa na cewa iya taka leda daban, iya koyar da ita daban.

A cewarsu, da yawa daga tsofaffin 'yan wasan na neman a ba su babbar ƙungiyar ƙasa saboda sunan da suka yi, ba tare da sun daɗe suna horar da wata ƙungiya mako bayan mako ba, ko sun zurfafa karatun aikin.

Sai dai gasar cikin gida, inda ya kamata a samu wannan gogewa, tana da nata matsalolin. Yawancin ƙungiyoyin, kamar Kano Pillars da Katsina United da Sokoto United da El-Kanemi Warriors, mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma sauyin gwamnati ko na shugabannin ƙungiya kan zo da sauyin koci. Ba kasafai mai horarwa kan yi shekara uku a wuri ɗaya ba.

A sauran ƙasashen nahiyar lamarin ya fara sauyawa. Djamel Belmadi ya ɗaukar wa Aljeriya kofin Afirka a 2019, Aliou Cisse ya ɗaukar wa Senegal a 2022 bayan kusan shekara bakwai yana riƙe da ƙungiyar, Emerse Fae ya ɗaukar wa Cote d'Ivoire a 2024, Walid Regragui kuma ya kai Maroko wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya a Ƙatar a 2022. Dukansu tsofaffin 'yan wasan ƙasashensu ne.

Shi Amokachi bai samu irin wannan dogon wa'adi a ko'ina ba. Babbar nasararsa a aikin horarwa ita ce ta 2013, wadda ya samu yana gefen Keshi, kuma wani ɗan wasa da suka ɗauko daga gasar cikin gida ne ya ci ƙwallon da ta kawo kofin.